Sai Ruwan Ya Nuna

Daga jirgi

Yaya,

Assalamu alaikum. Gaisuwa ce na ɗauro miki mai yawa, ki ɗibi taki ki miƙa wa Baba sauran. Yaya jikin nasa? Kin ce hannun dama har yanzu bai motsa ba, amma ƙafar ta fara kai shi banɗaki idan ya dogara sanda. Allah ya ƙara sauƙi. Ni lafiyata ƙalau, in ban da wani tari da iskar teku ta manna mini. Aikin wutar jirgi yana nan yadda kika san shi, wannan waya ta ƙone, waccan fitila ta mutu. Sabis har yanzu babu, sai dai ƙaramin jirgin da ke kawo mana kaya ya tafi da wasiƙa ya dawo da wata.

To, ki zauna kafin ki karanta sauran. Abin da kika rubuta, cewa Baba yana wuni yana kallon bango tun da shanyewar jikin nan ta raba shi da teburin gyaran agogonsa, ya hana ni sakat. Na yi ta juya abin a raina har na samo dabara. Zan haɗa masa tankin kifi na gilashi a falo. Ba irin kifin kogi da yara ke sawa a kwalba ba, kifin teku, na ruwan gishiri, masu launin da sai kin gani da idonki. Injiniyanmu yana da irinsa a gida, shi ya ara mini littafi, na kuwa haddace shi kamar mai shirin jarrabawa.

Da muka tsaya a tasha na yi odar kayan, za a kawo har gida: tankin da teburinsa, injin juya ruwa, hita mai ɗumama shi, fitila, da buhun gishiri na musamman. Kada ki ce za ki ƙara da na kicin, na san halinki. Ki sa a jingina tankin da bangon da rana ba ta dukansa, don rana gansakuka take kawowa. Ki zaɓi wurin da kyau, domin idan aka cika shi ba ya ɗaguwa, ko ƙarti nawa aka tara.

Na san abin da za ki ce, wa zai kula da shi? Ni ne. Kwantiragina yana gab da ƙarewa, zan dawo in karɓe ki kamar yadda muka yi, ki tafi karatunki. Ke dai ki fara mini, ni zan ƙarasa.

Ƙaninki,
Auta

*

Daga gida

Auta,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarka ta iso, kayanka ma sun iso, kuma su suka riga ta. Mota ta tsaya a ƙofar gida ana ta sauke kwalaye, ni ban san hawa ba ban san sauka ba, har na fara ce musu ɓatan kai suka yi. Sai da tela maƙwabcinmu ya bar ɗinkinsa ya kama musu kafin tankin ya shiga falo, ya kuma tafi da fentin ƙofa.

Baba da sauƙi, alhamdu lillahi. Yana cin abinci. Maganarsa ta fara fita, kalma biyu ko uku, sai ya gaji ya yi shiru. Ni kuwa bayana ke ciwo, ka kuma san wanda ya jawo. Ka sha zuma don tarin nan, ka daina tsayawa cikin iska daga kai sai singileti.

Da na karanta masa wasiƙarka, ya dubi tankin nan fanko, ya dube ni, ya ce, "Ina kifin?" Na ce, "Baba, suna teku tare da ɗanka." Bakinsa ya ɗan karkace, kafaɗarsa ta girgiza. Dariya ce, Auta, ta farko tun da ya faɗi.

Yanzu ka buɗe kunnenka. Babban asibitin nan sun sake rubuto mini. Gurbin horon da suka ba ni a ɗakin gwaje-gwajensu, wanda na roƙa aka ɗaga mini bara saboda ciwon Baba, sun ce ba a ɗagawa sau biyu. Ko in bayyana a farkon zango mai zuwa, ko su ba wani. Ka san shekarun da na yi ina bin gurbin nan. Tun da takardar ta zo na kasa zaune na kasa tsaye, in jawo akwati in mayar, in sake jawowa. Gidan Gwaggo ba wurin Baba ba ne, kai ma ka sani. Hawa na uku ne, jikoki sun cika ko'ina, ga shi ita da ɗan'uwan nata ba sa gama shan shayi ba su yi faɗa ba. Tun rasuwar Mama mu biyu ne gare shi, kuma ni na yi nawa zaman.

Ka cika shafi da zancen gishiri, zancen dawowarka layi ɗaya. "Gab da ƙarewa" ba rana ba ce. Ka faɗa mini wata, ka faɗa mini mako, in san abin da zan gaya wa mutanen nan.

Yayarka

*

Daga jirgi

Yaya ta kaina,

Allah ya sa wannan ta same ku lafiya, bayan ma ya lafa. Tarin ya tafi, zumarki ta yi aiki. Wurin da kika ba da labarin dariyar Baba na karanta shi har takardar ta yi laushi. Ki gaishe da tela, ki ce fentin ƙofa yana wuyana.

Zancen gurbinki, ki kwantar da hankalinki. Kafin kifi ya shiga ruwan nan ina gida, in sha Allahu. Ki rubuta musu ki ce kina zuwa.

Ga yadda za ki yi. Ruwan famfo ba zai yi ba, sai tatacce, mai kantin kifin da ke bayan tashar mota yana sayarwa a jarka. Ki dama gishirin a bokiti daban, ki auna da ma'aunin da ke cikin ƙaramin kwali. Ke da kika saba auna jinin mutane, wannan wasa ne a wurinki. Sai yashi, sai duwatsu. Duwatsun nan daga teku suke, a jiƙe zai ba ki su. Kada ki wanke, kada ki bari su bushe, akwai rai a jikinsu wanda ido ba ya gani. Ki kunna inji, ki jefa ɗan yankin jatan lande ɗanye, ki bar shi ya ruɓe. Ee, ruɓewa na ce, ina ganin yadda kika yamutsa fuska daga nan.

Daga nan sai jira. Ruɓewar za ta sa guba a ruwan, irin wadda kashin kifi ke sawa. Ƙananan halittun da ke jikin duwatsun za su hayayyafa su cinye ta. Ki riƙa dubawa da kwalbar gwaji. Idan ta yi kore, da sauran guba. Ranar da ta yi rawaya tas, ruwa ya nuna. Yakan ɗauki makonni, kuma wanda ya yi gaggawar zuba kifi gawa zai kwashe.

Kifin kuwa na riga na zaɓa a raina. Dodon koɗi zai fara shiga, shi ne mai shara. Sai wasu guda biyu masu ruwan lemo da ratsin fari, ba sa rabuwa da juna, tafiyarsu ma rangaji ce. Sai wani ɗan ƙarami mai ɗiban yashi a baki yana tofarwa, ina jin shi Baba zai fi so, don ba ya zama banza. Akwai wani shuɗi mai kyau ƙwarai, amma mafaɗaci ne, idan ya riga kowa shiga sai ya ɗauka gidan ubansa ne. Shi ne na ƙarshe, ko ma a ƙyale shi. Me kika gani?

Auta

*

Daga gida

Auta,

Muna lafiya, Allah ya sa kai ma haka. Baba ya ɗan yi zazzaɓi, ya wuce. Likita ya canza masa maganin hawan jini.

Na rubuta musu na ce ina zuwa. Na sa hannu, kuma da maganarka na dogara, ka riƙe wannan.

Ka mayar da ni 'yar dako. Jarka bayan jarka, har mai kantin kifi ya san sallamata. Da ya hango ni sai ya ce, "Malama, yau ma ruwa? Kifin fa?" In ce, "Sai mai su ya zo." Falon ya yi ƙarni na 'yan kwanaki saboda jatan landenka, Gwaggo ta zo dubiya ta toshe hanci ta ce mu duka har kai a kai mu asibitin ƙwaƙwalwa.

Amma bari in ba ka labarin da za ka so. Tankin nan babu kifi ko ɗaya, daga duwatsu sai yashi sai ƙugin inji, ni kallonsa ma haushi yake ba ni. Kwanakin baya ina shanya na ji Baba yana buga sanda a ƙasa. Na shigo a guje. Ya nuna mini durowar teburinsa, ya ce, "Madubi." Madubin nan nasa na ido ɗaya, na gyaran agogo. Na ɗauko, ya maƙala shi da hannun hagu, ya sa na tura kujerarsa har goshinsa ya kusa taɓa gilashin. Ya daɗe a haka. Can ya ce, "Akwai mutane a ciki." Na karɓa na leƙa. Wallahi da gaskiyarsa! Wasu 'yan ƙwari farare, ba su kai kan allura ba, suna ta kai da kawowa a jikin gilashin. Ga wata tsutsa mai gashi tana leƙowa daga ramin dutse, da inuwa ta gifta sai ta shige. Yanzu kafin shayi sai ya ce a kai shi wurin mutanensa. Jiya ya haɗa magana doguwa, yana ba ni labarin wani da ya kori wani daga raminsa. Na shiga kicin na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba.

Dabararka ta yi, na sara maka. Kada dai kanka ya kumbura.

Kwalbar gwaji kore shar take har yanzu. Nakan gwada da safe in sake da la'asar, alhali na san ba abin da zai canza a wuni ɗaya. Na ɗaura zuwanka da launin kwalbar nan ne a raina, shi ya sa. Tela ya gama ɗinka mini fararen rigunan aiki, suna rataye a bayan ƙofa, ba na wucewa ban taɓa su ba. Har yanzu dai ba ka faɗi ranar ba. Shuɗin mafaɗacin nan a ƙyale shi, masu taurin kai sun ishe mu a gidan nan.

Yayarka

*

Daga gida

Auta,

Ban ji daga gare ka ba, amma ba zan iya jira ba. Lafiyarmu ƙalau, in kana son sani.

Wani kwali ya iso yau daga wurinka. Abu biyu na tarar a ciki, ban gane su ba, sai na kai wa mai kantin kifi. Ya juya na farko ya ce, "Wannan na'urar zuba abinci ce. Ki cika ta, ki saita lokaci, ita za ta riƙa ba kifi da kanta." Ta biyun kuma ya ce ruwa take ƙarawa idan ya ragu, daga babbar jarka, ba sai mutum ya taɓa ba. Sai ya ƙara da fara'arsa, bai san wuƙa yake caka mini ba, "Masu tafiye-tafiye ne ke sayen su, waɗanda ba sa zaman gida."

A ƙafa na dawo, ban ma tuna da mota ba.

Kai da za ka zauna a falon nan safe da yamma, me za ka yi da injin ciyar da kifi? Allah ya yafe mini, har na ce a raina ko kai ma hannunka ne ya shanye. Na san ka tun kana rarrafe, Auta. Ba ka iya cewa a'a da baki ba, sai dai ka sayo wa mutum tsaraba ka bar shi ya gane da kansa.

Ka faɗa mini gaskiya, za ka zo ko ba za ka zo ba? Kifi ana saya musu inji. Baba fa? Akwai na'urar da za ta juya shi a gado, ta yanke masa farce, ta gane abin da yake nufi idan kalma ta maƙale masa? In akwai ka yi oda, ka haɗa da wadda za ta je asibiti ta yi horon a madadina.

Ban gaya masa ba. Na tura kwalin ƙarƙashin gadona. Ya ga fuskata ya ce, "Lafiya?" na ce kaina ke ciwo. Lokaci yana ta matsowa, abinci ma a tsaye nake ci. Ka amsa mini da jirgin farko.

Yayarka

*

Daga jirgi

Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri, da fatan zazzaɓin Baba bai dawo ba. Wasiƙarki mai labarin madubi ta iso, na karanta wa duk wanda ya tsaya a gabana, har mai dafa mana abinci ya ce in ƙyale shi ya yi aikinsa. "Akwai mutane a ciki"! Wallahi Baba bai canza ba. Ni lafiya lau. Teku ce ta yi fushi kwanakin nan, jirgin kaya yana ta jinkiri, in kin sake rubutowa bai kawo ba tukuna.

Na ƙara nazari a kan kifin, ina ganin mun so mu yi sauri. Injiniya ya ce ko kwalba ta yi rawaya gara a ƙara wa ruwan lokaci. Sannan akwai abin da na manta. Sabon kifi ba a zuba shi kai tsaye. Ana ajiye shi a wani ƙaramin tanki daban na wasu makonni, a ga ko yana ɗauke da cuta. Akwai wasu fararen ɗigo da ke fito musu a jiki, idan suka shiga babban tanki sai sun gama da kowa. Ke kin fi ni sanin killace mara lafiya. To shi ma ƙaramin tankin sai nasa ruwan ya nuna. Kin ga ke nan da sauran aiki a gaba, babu abin gaggawa.

Wani kwali zai zo, ƙananan abubuwa ne na sauƙaƙa aiki, ki ajiye kawai. Ina kuma tunanin ƙara wani jatan lande mai ja da fari, wanda ke hawa jikin kifi yana tsince musu datti, su kuwa su tsaya cak har ya gama. Baba zai sha kallo.

A nan ana ta ƙananan maganganu a kan wani sabon jirgi da kamfani ya saya, ba a dai tsayar da komai ba. Ki gaishe mini da Baba da mutanensa.

Auta

*

Daga jirgi

Yaya,

Wasiƙarki ta kwalin nan ta iso bayan na riga na aika waccan. A tsaye na karanta ta, har yanzu kuma ban zauna ba. Allah ya sa ciwon kan da kika ce wa Baba bai zama na gaske ba. Ni lafiyar jiki akwai.

Ba zan yi miki kwana-kwana ba. An yi mini tayin zama shugaban masu aikin wuta a sabon jirgin, na shekara guda. Takardar tana aljihuna, ban sa hannu ba, ban kuma mayar ba. Ranar da aka ba ni ita na yi odar na'urorin nan, na ce wa kaina don sauƙin aiki ne. Mai kantin kifi ya fi ni gaskiya.

Amma ba muƙamin ba ne kawai. Ni ban ga Baba ba tun da ya faɗi. Baban da na bari yana tsaye a ƙofar shago yana yi mini faɗa a kan askina. Ke kin gan shi a hankali, kin saba. Ni zan shigo ne in tarar da abin gaba ɗaya. Duk lokacin da na hango kaina ina ɗaga shi daga gado, ina goge masa baki, sai in jawo littafin kifi in buɗe. Tsoron ganinsa nake ji, Yaya. Na iya zaɓen kifi, ban san ko zan iya abin da kike yi ba.

Ga abin da na yanke. Ke ce babba. Idan kin ce in zo, wallahi zan yaga takardar in bi jirgin kaya na gaba. Idan kuma kina ganin za ki iya sake roƙonsu su ɗaga miki, shekara ɗaya ce kawai, zan dawo da ƙarfin ɗaukar mai jinya, kowa ya huta. Magana tana hannunki, abin da kika ce shi zan yi.

Ƙaninki,
Auta

*

Daga masaukin asibiti

Auta,

Ka duba adireshin da ke bayan ambulan, ba na gida ba ne. Na iso lafiya, na fara aiki. Ɗakin ƙarami ne, gado da tebur da taga mai kallon wurin ajiye motoci. Baba yana gidan Gwaggo, jininsa bai hau ba, yana shan magani. Allah ya sa kai ma kana lafiya.

Wasiƙunka biyu rana ɗaya suka iso, ta kifi da ta gaskiya. Tsoronka na gane shi, ban kuma raina shi ba. Ni ma na ji shi ranar da na fara yi wa Baba wanka, sai dai ni babu wanda zan rubuta wa in ce ya zaɓa mini. Ƙarshen wasiƙar ne ya ƙona mini rai. Ka sauke kayanka ka ɗora mini a ka, wai girmamawa ce. In na ce ka zo, duk ranar da ka gaji da wankin zanin gado ni za ka harara. In na ce ka zauna, da hannuna na kashe kaina. Na yi ta zagaya gida da takardar nan, in ɗauki biro in ajiye. Har na fara rubuta wa asibiti wasiƙar ban haƙuri, na kai rabi.

Washegari da safe na gwada ruwa don sabo. Rawaya tas. Na sake, rawaya. Na tsaya riƙe da kwalbar ban san dariya zan yi ko kuka ba. Baba yana kujerarsa, ya ce, "Ya nuna?" Na ce ya nuna. Ya ce, "Auta?" Na ce jirgi ne ya yi jinkiri. Sai ya miƙo hannun hagu ya ce, "Takarda." Ashe ya lura ta kifin kawai na karanta masa, ɗayar na cusa a aljihu. Na so in kauce, ya buga sanda. Na ba shi. Ya karanta da kansa, a hankali, yana bin layi da yatsa har ƙarshe, ya ninke ta ya ajiye a cinya.

Ya ce, "Ke fa? Yaushe?" Na faɗa masa ranar. Na ce, "Baba, ba komai, zan roƙe su, wata shekarar ma…" Bai bari na ƙarasa ba. Soket ɗin yana gefen kujerarsa. Ya sunkuya har na tsorata zai faɗi, ya kama wayar injin da hannunsa mai lafiya, ya fizge. Ƙugin ya tsaya, ruwan ya kwanta. Na yi wuf zan mayar, ya damƙe mini hannu da ƙarfin da ban san yana da shi ba. Ya ce, "Kira Gwaggonki. Haɗa kaya."

Na ce, "Mutanenka za su mutu, Baba."

Ya ce, "Na sani."

Tankin ba zai hau bene ba, ɗakin da Gwaggo ta ware masa ma gado da kujera kawai ya ɗauka. Mai kantin kifi ya zo ya kwashi duwatsun a bokiti, ya ce wasu za su rayu a wurinsa, wasu ba za su kai ba. Ni da tela muka zuƙe ruwan da tiyo muka zubar a kwata. Baba yana jin zubar ruwan, bai juyo ba. Washegari a kan kujera aka ɗauke shi aka hau da shi benen, idonsa a rufe har aka sauke shi. Na yi abin da na daɗe ina nema, Auta, amma duk kwalbar da na ɗaga a wurin aiki sai zuciyata ta koma can.

Ba zan ce ka zo ba, ba kuma zan ce kada ka zo ba. Makullin gida yana wurin tela. Tankin yana falo, na rufe shi da zani.

Saura abu ɗaya, na daɗe ina shawara da kaina ko in rubuta. Da na je yi masa sallama na durƙusa a gabansa, ya dafa kaina ya sa mini albarka. Na ce, "Zan rubuta wa Auta, me zan ce masa?" Na ɗauka kalma ce ta maƙale masa, har na fara jero masa kalmomi ko zan dace da wadda yake nema. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya ce, "Ki ce ya sa hannu. Kada ya zo ya gan ni, tunda tsoro yake ji."

Na dubi fuskarsa in gane ko fushi ne ko tausayi, ban gane ba. Na ce, "Baba, haka zan rubuta?" Ya maimaita. Sau biyu ya faɗa, Auta, kuma ko kalma ɗaya ba ta maƙale masa ba.

Yayarka